Fulogin hita

Fulogin hita, wanda kanikawa kan kira hita fulogi ko hita kawai, wata ƙaramar na'ura ce mai aiki da lantarki da ake ɗaurawa a kan silindar injin dizal domin ta ɗumama wurin da mai yake kama wuta a lokacin da injin yake da sanyi. Siffarsa kamar fensir take, bakinsa kuma yakan yi ja wur idan wuta ta ratsa shi. A yawancin ƙananan motoci masu amfani da dizal kowace silinda tana da nata guda ɗaya, wato inji mai silinda huɗu yana da fulogogi huɗu.

Fulogin hita ya bambanta da fulogin motar fetur. Na fetur tartsatsi yake fitarwa, kuma ba ya daina aiki muddin inji yana tafiya. Na hita zafi kawai yake bayarwa, aikinsa kuma yawanci bai wuce lokacin tada inji da 'yan mintuna bayan haka ba. Shi ne abin da aka fi ɗora wa laifi idan motar dizal ta ƙi tashi da safe, amma yana ɗaya ne daga cikin abubuwa huɗu da tashin inji ya dogara a kansu. Sauran ukun su ne ƙarfin batir da kik, matsin iska a cikin silinda, da isowar mai.

Dalilin da ya sa sanyi ke hana injin dizal tashi

Injin dizal ba ya amfani da tartsatsi wajen kunna mai. Fistin ne ke matse iska zalla a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Injin fetur yakan matse iska kamar sau 8 zuwa 12, shi kuwa na dizal yakan matse ta kamar sau 14 zuwa 23. A injin da ya riga ya ɗumama, zafin iskar da aka matse yakan wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, wanda ya fi ƙarfin abin da man dizal yake buƙata kafin ya kama.

Da sanyi lissafin yakan canza ta fuskoki da dama. Iskar da ke shiga mai sanyi ce. Bangon silinda da kan fistin su ma sun yi sanyi, don haka suna zuƙe zafin da matsin ya samar. Baƙin mai yakan yi kauri ya sa injin nauyin juyawa, a daidai lokacin da shi kansa batir ƙarfinsa ya ragu. Idan inji yana juyawa a hankali, iska takan sami damar sulalewa ta gefen zoben fistin, zafi kuma ya sami lokacin tserewa cikin ƙarfe. Sakamakon haka sai a fesa mai ya ƙi kamawa, ya fita ta salansa a matsayin farin hayaƙi. Aikin fulogin hita shi ne samar da wuri guda mai tsananin zafi kusa da inda feshin man yake wucewa, domin wutar farko ta tashi daga nan.

Tarihi

Rudolf Diesel, injiniya ɗan ƙasar Jamus, ya sami takardar mallakar fasahar injinsa a shekarar 1893, kuma injin da ya yi aiki yadda ake so an kammala shi a 1897 a birnin Augsburg. Injinan farko manya ne, na masana'antu da jiragen ruwa. Kafin a iya sanya dizal a mota sai da aka samo hanyar gauraya mai da iska cikin sauri a ƙaramin inji. A shekarar 1909 Prosper L'Orange na kamfanin Benz ya yi rajistar ƙirar wani ɗan ƙaramin ɗaki a kan silinda, inda ake fara fesa mai kafin wutar ta kwarara zuwa kan fistin. Daga baya Harry Ricardo na Ingila ya fito da wata ƙirar ɗakin mai sa iska ta riƙa juyawa. Waɗannan ɗakuna sun sauƙaƙa ƙera ƙananan injina, amma suna da aibi ɗaya: bangonsu yana shanye zafi da yawa, don haka injin da ke da su ba ya tashi da sanyi sai da taimakon hita.

Mercedes-Benz 260 D ta shekarar 1936 tana cikin ƙananan motocin dizal na farko da aka ƙera domin sayarwa. Fulogogin wancan zamani waya ce mai kauri da aka lanƙwasa, kuma an jera su ne a kan layin wuta guda, ta yadda idan ɗaya ya tsinke sai duka su mutu. Direba yakan jira rabin minti ko fiye yana kallon wata naɗaɗɗiyar waya a gabansa har ta yi ja, sannan ya tada motar. Daga baya aka koma fulogi mai siffar fensir, kowanne da hanyar wutarsa, aka kuma maye gurbin wayar da fitila mai hoton naɗaɗɗiyar waya, wadda har yau ake gani a dashbod.

Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙananan motoci suka fara komawa feshin kai tsaye, inda nozul ke fesa mai a kan fistin ba tare da ɗan ɗakin ba. Audi 100 TDI ta 1989 tana cikin na farko. A 1997 kuma aka fara sanya tsarin kwaman-rel a ƙananan motoci, a Alfa Romeo 156 da Mercedes-Benz C 220 CDI. A wannan tsari bututu guda ne mai riƙe da mai a ƙarƙashin matsi mai yawa yake ciyar da dukkan nozulolin, kwamfutar mota kuma ita ke buɗe su. Irin waɗannan injina ba su dogara da hita kamar na da ba.

Ƙira da yadda yake aiki

Fulogin hita yana da gangar jiki ta ƙarfe mai zare da ake ɗaurewa a kan silinda, da kai inda wayar wuta take shiga, da siririn bututu a ƙasa. A cikin bututun akwai naɗaɗɗiyar waya da aka lulluɓe da garin magnesiya, wanda yake wuce da zafi amma ba ya wuce da lantarki. A yawancin fulogogi wayoyin biyu ne a jere. Ta can baki ita ce mai yin zafi. Ta bayanta kuma tana ƙara tare wuta yayin da take ɗumama, don haka ita ke hana fulogin ƙona kansa. Wutar tana komawa batir ta jikin injin.

Aikin yana da matakai uku. Na farko shi ne ɗumamawa kafin tada inji, lokacin da aka murɗa makulli fitilar ta kama. Na biyu shi ne lokacin da kik yake juya injin. Na uku shi ne ci gaba da ɗumamawa bayan inji ya tashi, wanda a wasu motoci yakan kai minti uku, domin rage hayaƙi da ƙara da karkarwa. A tsofaffin motoci rile ne da ma'aunin lokaci suke kula da wannan. A na zamani kwamfutar mota ce take yanke tsawon lokacin, bisa abin da sensar zafin ruwan inji ta gaya mata.

Ire-irensa

Akwai mai bututun ƙarfe na da, wanda yake karɓar wutar batir kai tsaye. Yawanci an rubuta bolt 11 a jikinsa idan na mota ce mai batir na bolt 12. Yakan kai zafin digiri 850 ko fiye cikin 'yan sakanni, tsofaffin samfura kuma sukan ɗauki sakan 20 ko sama da haka.

Akwai mai bututun ƙarfe mai ƙaramin bolt, kamar 4.4 ko 5. Wata ƙaramar kwamfuta ce take ba shi wuta a gutsuttsure, yakan kuma kai wajen digiri 1,000 cikin sakan biyu zuwa uku.

Akwai na tangaran, wanda bakinsa ba ƙarfe ba ne. Yana jure zafi har wajen digiri 1,300, yana kuma daɗewa, amma yana da saurin fashewa idan ya faɗi ƙasa ko aka lanƙwasa shi.

Manyan kamfanonin da ke ƙera su sun haɗa da Bosch da Beru na Jamus, da NGK da Denso na Japan. Fulogogi biyu suna iya yin kama da juna a ido alhali ƙarfin wutar da suke ɗauka da tsawon bakinsu sun bambanta, shi ya sa ake bin lambar da ke jikinsu wajen saye.

Alamomi da abin da suke nunawa

Matakin farko na bincike shi ne lura da lokacin da matsalar take zuwa. Idan mota tana wahalar tashi da sanyin safiya kaɗai, amma da zarar ta ɗumama tana tashi bugu ɗaya, ana zargin hita, ko batir, ko raunin matsi. Idan tana wahalar tashi duk lokacin da ta daɗe a ajiye, ko da rana ce tsaka, an fi zargin iska na shiga layin mai, man yana komawa tanki. Idan kuwa da sanyi tana tashi lafiya amma tana ƙi bayan ta yi zafi, hita ba shi da hannu a ciki. A nan famfon mai da nozuloli da sensar juyawar inji ake dubawa.

Hayaƙin salansa a lokacin da ake murza inji yana ba da bayani mai yawa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal yana nufin mai yana isowa amma ba ya kamawa, wato zafi ne ko matsi bai isa ba. Rashin hayaƙi gaba ɗaya yana nufin mai ba ya isa silinda, kuma canza fulogi ba zai magance wannan ba. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta ƙonewar baƙin mai. Farin tururi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, tare da raguwar ruwan lagireto, yakan nuna gaskit ɗin kan silinda ya ƙone.

Idan fulogi ɗaya ne ya mutu, inji yakan tashi amma ya yi ta karkarwa da hayaƙi na ɗan lokaci har silindar da abin ya shafa ta kama. Idan biyu ne ko uku, tashin yakan yi wuya ƙwarai. Idan matsalar ta zo rana ɗaya farat ɗaya, kamar duka sun mutu tare, an fi samun laifin a fis ko rile ko waya, domin da wuya fulogogi huɗu su ƙone a dare ɗaya.

Fitilar dashbod ba shaida ba ce cewa fulogogi suna aiki. A motoci da yawa takan kama ta mutu a kan lokacinta ko da babu fulogi ɗaya mai rai. A wasu motocin kuma, kamar na kamfanin Volkswagen, idan fitilar tana ƙyaftawa ana cikin tafiya, tana nuna wata matsala ce a tsarin sarrafa inji, wadda ba lalle ta shafi hita ba.

Matakan bincike

Ana fara bincike daga abin da ya fi sauƙi da arha, a bar wanda ke buƙatar kwance inji zuwa ƙarshe.

1. Batir da kik. Cikakken batir da ya huta yakan nuna wajen bolt 12.6 a mita. Yayin murza inji bai kamata ya sauka ƙasa da wajen 9.6 ba. Ana duba kawunan batir da wayar da ta haɗa shi da jikin mota ko sun yi tsatsa ko sun saki. Injin dizal yana bukatar juyawa da sauri kafin ya tashi, kamar sau 150 zuwa 250 a minti. Batir da yake kunna fitilu da rediyo yana iya kasa wannan, musamman da yake fulogogin sun riga sun ja wuta mai yawa daga gare shi kafin kik ya fara aiki.

2. Isowar wuta. Ana ɗora mita ko fitilar gwaji a kan wayar da ke kai wuta ga fulogogi, wani ya murɗa makulli. Idan babu wuta, sai a koma kan fis da rile. Jin ƙarar rile bai isa hujja ba, domin yana iya motsawa alhali bakinsa ya ƙone. Idan kwamfuta ce ba ta ba da umarni, mai yiwuwa sensar zafin ruwa ce take gaya mata inji yana da zafi. A motoci da yawa, cire wayar sensar yakan sa kwamfuta ta ɗauka ana tsananin sanyi ta tsawaita ɗumamawa, kuma idan motar ta tashi da sauƙi a haka, an gano bakin zaren.

3. Gwajin kowane fulogi. Ana cire wayar ko ƙarfen da ya haɗa kawunansu, domin idan suna haɗe mai rai ɗaya zai ɓoye matattu. Sai a auna tsakanin kan fulogi da jikin inji. Lafiyayye yakan nuna ƙaramin adadi, yawanci daga rabin om zuwa om 2. Wanda wayarsa ta tsinke ba ya nuna komai. Auna yawan wutar da kowanne yake ja ya fi wannan inganci: fulogin ƙarfe na bolt 11 yakan fara da amfiya 15 zuwa 25, sannan adadin ya riƙa sauka yayin da yake zafi. Wasu kanikawa sukan ciro fulogi su haɗa shi da batir su gani. Lafiyayye daga can baki yake fara ja. Wanda ya fara ja daga tsakiya ya lalace. Wannan gwaji bai dace da fulogi mai ƙaramin bolt ba, domin wutar batir kai tsaye takan ƙona shi cikin sakanni.

4. Karanta kwamfuta. A motocin da ke da tsarin OBD-II, lambar P0380 tana nuna matsala a layin wutar hita, P0670 tana nuna na'urar da ke sarrafa fulogogi, P0671 zuwa P0678 kuma suna nuna silinda ta 1 zuwa ta 8. Lambar tana nuna layin da matsalar take ne, don haka tsinkakkiyar waya ma tana iya jawo ta.

5. Mai. Ana duba filta ko ta toshe ko ta tara ruwa. Idan matsa famfon hannu sau da yawa kafin tada mota yana sa ta tashi nan take, iska ce ke shiga layin. A injin kwaman-rel, kwamfuta ba ta buɗe nozul sai matsin mai ya kai wani mataki, yawanci bar 200 zuwa 300. Nozul ɗaya da ke mayar da mai tanki fiye da kima ya isa ya hana matsin kaiwa nan.

6. Matsin silinda. Idan duk abubuwan da suka gabata lafiya suke, ana auna matsi ta ramin fulogi ko na nozul, a kwatanta da adadin da kamfani ya rubuta, a kuma kwatanta silindojin da juna. Zoben fistin da ya cinye ko bawul da ba ya rufewa sosai sukan rage matsi. Irin wannan inji sababbin fulogogi suna iya taimaka masa na ɗan lokaci, amma gyaransa na gaskiya sai an buɗe shi.

Abin da ke kashe fulogi

Tsufa ne sanadin da aka fi gani, domin kowane zafi da hucewa yana cin wayar ciki. Amma bakin fulogin da aka ciro yakan nuna ko akwai wani dalili. Baki da ya narke ko ya gutsure yakan nuna nozul yana ɗiga ko yana fesawa a karkace, ko lokacin feshi ya goce. Baki da ya kumbura yakan nuna wuta ta yi yawa ko ta daɗe, kamar idan rile ya maƙale, ko an sa fulogin da ba na motar ba, ko an yi wa mota mai bolt 12 jan wuta daga babbar mota mai bolt 24. Idan ba a gyara sanadin ba, sabon fulogin ma haka zai ƙare.

Canzawa

Hatsarin da ya fi girma a wannan aiki shi ne karyewar fulogi a cikin kan silinda. Jikinsa siriri ne, baƙin gawayi kuma yakan taru ya riƙe bakinsa. Wanda zarensa yake da faɗin milimita 8 yana iya karyewa da ƙarfin da bai wuce Nm 20 ba, na milimita 10 kuma wajen Nm 35. Idan ya karye, wani lokaci sai an sauke kan silinda gaba ɗaya, aikin da kuɗinsa ya ninka na fulogin sau da yawa. Saboda haka ake zuba man sassauta tsatsa tun kwana ɗaya ko biyu kafin aikin, a ɗumama inji, a kwance a hankali ana yi ana mayarwa. Kafin sa sabo ana share ramin, a fara ɗaura shi da hannu, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi. Da yake shekarunsu ɗaya, akan canza duka a lokaci guda.

Feshin tada inji

Akwai gwangwanin feshi mai sinadarin ita da ake fesawa a hanyar iska domin tada inji. Sinadarin yana kamawa a zafin da bai kai na dizal ba. Idan ya haɗu da jan fulogi yana iya fashewa tun fistin bai iso sama ba, ya karya zobe ko ya lanƙwasa sandar fistin, ko wutar ta dawo ta hanyar iska. Kamfanonin ƙera injina masu fulogin hita suna hana amfani da shi. Haka ma zuba fetur a hanyar iska ko kanga wuta a bakinta.

Wasu hanyoyin ɗumama

Ba kowane injin dizal ne yake da fulogin hita ba. Injinan Cummins da aka sanya a motocin Ram a Amurka kafin samfurin 2025 sun yi amfani da ragar lantarki mai ɗumama iskar da ke shiga. Tsofaffin taraktocin Massey Ferguson masu injin Perkins suna da wata na'ura da ke kunna ɗan dizal a hanyar iska. A Kanada da ƙasashen arewacin Turai ana jona mota da wutar gida domin ɗumama ruwan inji kafin safiya. A can sanyi yakan kai inda kakin da ke cikin dizal yake daskarewa ya toshe filta, shi ya sa ake sayar da dizal na musamman a lokacin hunturu.

A arewacin Najeriya da Nijar

Sanyin hunturu na watannin Disamba da Janairu bai kai ya daskarar da dizal ba. A Kano zafin asuba a watan Janairu yakan sauka zuwa wajen digiri 13, a Jos da tsaunin Mambila kuma yakan yi ƙasa da haka. Wannan ya isa ya tona asirin tsohon inji mai ɗan ɗakin feshi, kamar 2L da 3L da 5L na Toyota Hilux da Hiace, da 1HZ na Land Cruiser da ake yawan gani a hanyoyin hamada, da tsofaffin Peugeot da Mercedes masu dizal. Irin waɗannan suna bukatar hita ko da sanyin ba mai tsanani ba ne. Mota tana iya shafe watannin zafi da matattun fulogogi biyu ba a sani ba, sai hunturu ya shigo ta fara neman turi.

Injinan kwaman-rel da yawa kuwa suna tashi a irin wannan yanayi ba tare da jiran hita ba. Idan irinsu ya ƙi tashi da safe a Kano ko Zariya ko Maraɗi, batir da filta da nozuloli sun fi cancantar a fara dubawa. Ƙurar hunturu tana saurin toshe filtar iska, dizal da aka gauraya da kananzir ko ruwa kuma yana jinkirin kamawa, yana kuma cin famfo da nozul.